Ba Baffanka Ne Mugun Labarin Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana na fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina yi maka fatan lafiya da natsuwar zuciya. Allah Ya tsare ka a zaune, Ya tsare ka a tafe, Ya ji ƙan mahaifinka, Ya haskaka makwancinsa.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali gida ɗaya muke. Ka san ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ba. Haka na taso na ga ana yi da ɗan fari, haka na yi da kai, kuma yanzu bakina ya riga ya saba. Ranar Asabar za ka tafi Kano wurin masu shirya fim da suka ce ka zo ka koyi rubuta musu labari. Ban hana ka ba, ba kuma zan hana ka ba. Amma akwai maganar da in ka tafi ban faɗa maka ba, ba ni da abin da zan gaya wa Ubangijina. Shi ya sa na karɓi biro a hannun ƙanwarka Hauwa'u. Ka yi haƙuri da rubutun, ka karanta har ƙarshe.

Shekaranjiya ƙanwarka ta ɗauko littafinka mai baƙin bango ta ce, “Inna, zo ki ji labarin da Yaya zai kai Kano.” Kada ka yi mata faɗa, daɗin abin ne ya ɗauke ta. Ina tsince wake tana karantawa. Labarin wani manomi ne mutumin kirki da maciji ya sara a gona, ƙaninsa ya ƙi kai shi asibiti da gangan don ya mutu ya gaji gonar. Ka canza sunaye, ka canza gari. Amma ka ba mugun ƙanin ɗingishi a ƙafar hagu, kuma a duk ƙasar Gagarawa babu wanda zai ga wannan ɗingishin bai ce baffanka Haruna ba ne. Da ta zo wurin da ya koma ɗaki bayan jana'iza yana dariya shi kaɗai, sai na ce ta rufe littafin.

Ba za ka kai wannan labarin Kano a haka ba. Zan gaya maka dalili, amma bari in fara daga nesa, domin ciwon ya daɗe a jikina.

Ni na san mutanen nan na cikin labari tun kafin a haife ka. Na fara saninsu a tatsuniyar kakata a Sule Tankarkar, na sake haɗuwa da su a wasan kwaikwayon rediyo, da littattafan da muke ara a hannun juna, sannan a fim. Su ne dai ba sa canzawa, sai riga. Akwai baffa mai cin gadon marayu, da uwar miji mai baƙin ciki, da bazawara mai jan baki da ke raba aure, da tsoho mai farin gemu a bayan gari wanda ya san maganin komai. Akwai maraya da za a wahalar har ya yi arziki ya dawo da mota. Mutum yana fitowa, tun bai buɗe baki ba, na san abin da zai yi. Har taƙama nake da haka. Mahaifinku yakan leƙo ya ce, “To Malama, faɗa mana ƙarshen mu huta da jira.” In faɗa, kuma ya zama haka. Da a fim abin ya tsaya da babu komai. Sai na ɗauko shi na shigo da shi cikin gida.

Na fara da kakarka, Iya. Da aka kawo ni gidan nan na tarar da doguwar mace wadda ba ta dariya, in ta ɗanɗana miya sai ta ce, “Gishiri,” ta ajiye ludayi. Ban yi mako guda ba na yanke cewa ga uwar mijin da nake ji a labari. Daga nan duk abin da ta yi sai in saka shi a wannan ma'auni. Lokacin da nake da cikinka, kullum na ɗauki taɓarya sai ta zo ta karɓe. “Ba ni nan, ba ki iya ba, kina ɓata mini gero.” In shiga ɗaki in yi kuka, in ce ta raina tarbiyyar gidanmu. Shekara da shekaru gaisuwata da ita ba ta wuce ina kwana. Sai ranar sadakar bakwai ɗinta ƙanwarta ta gaya mini cewa Iya ta yi ɓari har uku a bakin turmi, kuma tun da ta ga ƙafafuna sun kumbura ta rantse ba zan yi daka ba sai na sauka. Ba ta iya faɗin abu mai taushi ba, shi ke nan laifinta. Na nemi in ce mata na gode, tana ƙarƙashin ƙasa.

Saboda haka, in za ka rubuta tsohuwa mai zafi, ka tsaya ka tambayi kanka me ta taɓa rasawa, me take tsoro. In ba ka samo amsa ba to ba ka san ta ba tukuna, kada ka sa ta a gaban jama'a.

Ban ɗauki darasi ba. Ka san maƙwabciyarmu Mariyama, wadda take sarin turare da atamfa daga Damagaram. Ba ta da miji, tana hawa babur ta tafi kasuwar Maigatari ita kaɗai, in ta yi dariya ana ji har bakin rijiya. Na ce wannan ai na san ta, ita ce mai shiga gida ta fito da mai gidan. Na hana Hauwa'u taka ƙofarta. In ta aiko da abinci sai in zuba wa kaji. Ranar da mahaifinku ya rasu aka dawo da shi gida, zannuwan da aka kwantar da shi a kai duk jini ne, 'yan'uwana na jini sun tsaya daga nesa suna salati. Mariyama ta shigo ta naɗe hannun riga. Na tashi zan taya ta, ta ture ni. “Ke Rabi, matsa can. Yau kuka ne aikinki, wanki nawa ne.” Ta wanke, ta share ɗakin, ta turara shi da turaren da take sayarwa. Har na gama takaba ba ta fasa aiko mini da kunu ba. Ban taɓa gaya mata inda abincinta na da yake zuwa ba, amma ina jin ta sani.

A Kano za ka ga mata masu fita neman na kansu, da maza masu irin shigar da ba ka saba gani ba. Kada ka raba musu matsayi tun daga bakin ƙofa. Ka bari sai ka ga abin da mutum yake yi ranar da babu riba a kusantarka. Haka kuma in sun ce ka rubuta musu ɗan ƙauye, na san irin wanda suke so, mai hangame baki yana tsoron fanka. Ka tuna mahaifinka ɗan ƙauye ne, kuma yana duban gajimare ya gaya maka ko ruwan na shuka ne ko na yaudara.

Shi ma mahaifin naka ka yi masa adalci. A littafinka ka mai da shi kamar waliyyi, ba ya fushi, ba ya ɗaga murya, kullum yana kan buzu. Wannan ba mijina ba ne. Malam yana da zuciya, yana da taurin kai, in ya yi fushi sai ya kwana uku bai ci tuwona ba, yana sayen ƙosai a Tasha yana zaton ban sani ba. Ya iya tsokana, kuma bai iya ba da haƙuri ba, sai dai ya shigo da rake ya ajiye a bakin ƙofa ya wuce. Wannan mutumin nake kewa. Wancan na littafinka ban san shi ba, ba zan iya yi masa kuka ba.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro.

Kana makaranta a Gumel lokacin da abin ya faru, abin da ka sani a bakin mutane ka ji shi. Ranar da hantsi ne. An yanke riɗi an jingina dammuna sun bushe, Malam da Haruna suka tafi kaɗewa. Na kai musu fura. Ina tsaye Malam ya sa hannu ƙarƙashin dami zai ɗaga, kububuwa ta sare shi a bayan hannu. Haruna ya kashe ta da sanda, ya tayar da babur, ya ce, “Yaya, hau, Gumel za mu. Akwai allurarsa a asibiti.”

Ni na riƙe rigar Haruna. Ni na ce ba za a kai shi asibiti ba.

Na ce maciji ba na asibiti ba ne, na ce allura tana tayar da dafi, domin haka na ji mata suna faɗa. Na ce a kai shi wurin tsohon nan mai maganin maciji da ke wata ruga a yamma da mu. Haruna ya ce, “Matar Yaya, sakar mini riga, wannan ba wurin wasa ba ne. Irin wannan macijin jini yake tsinkawa.” Na ce in ya kai shi Gumel ya mutu, ba zan yafe masa ba duniya da lahira. Malam yana zaune a kan tamfal yana riƙe da hannunsa, ya dube ni ya dubi ƙaninsa, ya ce, “Haruna, yi yadda ta ce.”

Na sha tambayar kaina me ya sa. Uwata a asibiti ta rasu, wannan yana ciki. Amma gaskiyar ita ce, a kaina akwai hoton da na gani sau ba adadi: an ɗauko mara lafiya an rasa yadda za a yi, sai a kai shi wurin tsoho a bukka, ya shafa masa wani abu, ya yi atishawa ya tashi. Ban taɓa ganin labarin da aka kai wa tsohon nan mutum ya mutu ba. Na ɗauka na san ƙarshen wannan ma.

Kwana biyu muka yi a rugar. Shi ma tsohon kada ka mai da shi boka mai jan ƙyalle da ƙwarangwal. Dattijo ne mai salla, ya tsaga wurin, ya ɗora dutsen tsotse dafi, ya ba shi jiƙo, iyakar abin da ya gada ke nan. Sau uku Haruna yana cewa mu tafi, ina cewa a ƙara haƙuri magani yana aiki. A rana ta uku da safe jini ya fara fita ta dasashin Malam. Tsohon da kansa ya kira mu gefe ya ce, “Ku kai shi gaba, wannan ya fi ƙarfina.” Haruna ya goya shi da rawani a bayansa kamar jariri, ya ja babur. Ma'aikatan asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu. Ɗaya daga cikinsu ta tambaye ni yaushe aka sare shi, da na faɗa sai ta kau da kai ta ci gaba da aikinta. Kafin la'asar ya cika. Na san kwana ya ƙare ne, babu mai ƙara wa wani numfashi. Amma Allah zai tambayi kowa abin da hannunsa ya yi, kuma hannuna ne ya riƙe rigar.

Babu wanda ya ga na riƙe rigar sai mu uku da muke gonar. Abin da gari ya gani shi ne Haruna ya ɗauki wansa a babur ya yi yamma maimakon Gumel. Kuma kowa ya tuna rigimar da suka yi da bazara a kan gawon da ke iyakar gonakinsu, wadda aka ji muryoyinsu har hanya. Bayan kwana uku Haruna ya je ya ƙarasa kaɗe riɗin don kada ya zube a ƙasa, ya ajiye buhunan a ɗakinsa saboda rumbunmu yana yoyo. Shi ke nan labari ya haɗu. Ba wanda ya ƙirƙire shi, da ma yana nan a kan kowa, jira yake a samu wanda za a saka a ciki.

Ina zaune a ɗakin takaba mata suna shigowa gaisuwa. Su yi addu'a, sannan su rage murya. “Ke dai Rabi ki bar wa Allah. Ɗan'uwa ai sai a hankali.” Wata ta ce, “Ni tun da na ga idonsa a wurin jana'iza na san da magana.” Ni kuwa in sunkuyar da kai in ja carbi. Ban ce eh ba, ban ce a'a ba. A labarinsu ni ce baiwar Allah da aka zalunta, kuma wurin ya yi mini daɗin zama. Na ji tsoron ranar da za ka dube ni ka san abin da na yi.

Da maganar ta yi yawa har aka daina amsa masa sallama a majalisa, Haruna ya zo ya tsaya a bayan labule. Na ce, “Haruna, zan faɗa musu.” Wallahi da rabin zuciya na faɗa. Ya ce, “Kul, matar Yaya. Ki bar shi a kaina. Ni namiji ne, in sun ishe ni in bar musu garin. Yaran nan sun rasa uba, kada su rasa uwa.” Sai ya yi irin tsokanar da muka saba, ya ce, “Da ma ke kullum kina cewa fuskata ta mugaye ce, ga shi ta yi rana.” Ya yi dariya, ban iya tayawa ba. Ya dawo mana da buhunan riɗin ko ɗaya bai taɓa ba, mutane suka ce kunya ce ta kama shi. Ya kwashe iyalinsa ya koma Maigatari, yana riƙe wa dillalai igiyar shanu a kara, mutumin da yake da gonarsa. Ranar da zai tafi ya miƙo maka hannu a zaure ka ƙi karɓa. Ina kallo ta tsagar ƙofa, kuma na yi shiru.

Wannan shirun ya fi riƙe rigar muni. Rigar na riƙe ta cikin ruɗewa da son mahaifinku. Shirun kuwa da hankalina na yi shi, kullum ina sabunta shi, wata biyar ke nan. Yanzu ga shi yana shirin zama fim, a kalle shi a Gumel da Maigatari da tsallaken iyaka, 'ya'yan Haruna su gan shi a wayar abokansu. Wannan kam ba zan bari ba, ko da zai sa ka daina kallona.

Ban ce ka daina rubutu ba. Hauwa'u tana karantawa ina jin ƙamshin gonar, Allah Ya ba ka hannu. Ban kuma ce mugaye ba su a duniya ba, akwai baffannin da suka ci gadon marayu da gaske, shi ya sa labarin ya daɗe bai mutu ba. Abin da nake cewa, in labari ya zo maka da sauƙi, kowa ya faɗa wurinsa tun ba ka wahala ba, ka tsaya ka duba ko tsohon labari ne ya ari bakinka. In mugu kake nema ga ni, ka cire ɗingishin ka sa zane. Sai dai ko ni in ka rubuta ni da jan ido ina dariya a ɗaki, ka yi ƙarya, domin ina son mutumin nan fiye da raina, kuma da wannan son na kai shi inda na kai shi. Ban sani ba ko masu fim za su karɓi labarin da babu wanda za a tsana a cikinsa. Wannan aikinka ne, kai ka yi karatu.

Ga abin da nake so ka yi. Gobe Alhamis kasuwar Maigatari take ci. Ka fita Tasha da sassafe ka hau motar Gumel, daga can ka wuce. Ka shiga kara wajen da ake ɗaure bijimai, ba za ka sha wahalar gane tafiyarsa ba. Ka miƙa masa hannu biyu. Zai ce maka babu komai, zai ce wa ya gaya maka, wataƙila ma ya ce ƙarya nake don in wanke shi. Ka ce masa na rubuta da hannuna, kuma na ce ya dawo ya gyara gonarsa kafin ruwa ya sauka.

Ni ma ga nawa. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci na aika a roƙi Liman da Mai Unguwa su tsaya a zaurenmu. Zan tsaya a bayan ƙofa in faɗi abin da na faɗa maka, da muryar da za a ji. Na gaya wa Mariyama ta tara mini matan da suka zo mini gaisuwa, tun da a kunnensu na yi shirun. Da na gaya mata dalili sai ta ce, “To ki ci abinci kafin ki fara, kada ki faɗi a ce aljanu ne.” Hauwa'u kuma zan gaya mata da bakina yau. In za ka iya tsayawa a zauren ka tsaya. In ba za ka iya ba, ba zan riƙe ka da shi ba. Ko kana nan ko ba ka nan zan faɗa.

Sauran nasiha ka san ta. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko ana tsakiyar aiki. Ka ci abinci, kai ma kana da halin ubanka na fushi da tuwo. Kada ka ji kunyar cewa daga ƙauyen Gagarawa kake. Ka riƙa kiran ƙanwarka.

Ban ce ka yafe mini yanzu ba, wannan tsakaninka da zuciyarka ne, ka ɗauki lokacin da kake so. In ka dawo daga Maigatari ba sai ka ce mini komai ba. Zan rufe maka tuwo a ɗakinka. In na zo ɗaukar kwano na tarar ka ci, ya ishe ni.

Allah Ya kai ka lafiya Ya dawo da kai lafiya. Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, da sharrin bakin mutane, da sharrin abin da hannunka zai rubuta. Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa ka gane su in ka gan su. Allah Ya ji ƙan Malam da Iya, Ya saka wa Haruna da alherin da ni ban iya saka masa ba. Allah Ya yi maka albarka, amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
Rabi